Mai Odar Sabuwar Mota Ya Tuna Da Hawan Kibo

Daga cikin gurin da ɗan Arewa mazaunin Kurmi kan ƙulla a zuciyarsa, bayan gina gida da sauke farali, babu kamar ya sayi mota sabuwa dal, ya shiga da ita garinsu ranar jajibirin salla ko Kirsimeti. Mutanen Tudun Wada ta Jos da ke zaune a Ikko da Badun da Fatakwal su ma haka abin yake a gare su, ko ma'aikatan gwamnati ne, ko 'yan kasuwa, ko waɗanda suka yi ritaya daga aikin soja. Amma kuwa sau da yawa akan ga mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, sa'an nan ya zaɓi motar cikin rabin sa'a a gaban dila, bisa ga launi da ƙyalli da daɗin bakin mai sayarwa. Kafin shekara ta kewayo sai motar ta zama kaya, tana kwana a gareji fiye da yadda take kwana a gida.

Dalili kuwa shi ne, a Ikko ake sayen motar, amma rabin rayuwarta a kan duwatsun Filato za ta yi. Saboda haka ya kamata mai saye ya san abin da ya bambanta wuraren nan biyu tun kafin ya sa hannu a takardar oda.

TSAKANIN IKKO DA TUDUN WADA

Ikko tana bakin teku, a shimfiɗe take, ga zafi ga gumi, ga iska mai gishiri wadda ke sa ƙarfe tsatsa, ga kuma ambaliya da damina. Jos kuwa tana kan tudu, tsayinta daga bakin teku ya kai mita 1,200. Unguwar Tudun Wada, wadda ake bi ta wajen otal ɗin Hill Station a shiga, ita ma ba ta ci sunanta a banza ba, gama gidajenta da yawa a tsakanin duwatsu suke, kuma da zarar an sauka daga kwalta sai lunguna masu hawa da gangara, waɗanda ruwan sama kan zaizaye kowace shekara. Tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Wanda ya biyo ta Lokoja da Abuja da Keffi da Akwanga kuwa, tilas ne ya hau Hawan Kibo kafin ya ga Jos, kuma duk direban da ya san wannan hawa ya san irin motocin da suka ƙare a can.

Tsayin nan na Jos yana taɓa inji kai tsaye. Inji da iska yake ƙona fetur, iskar kan tudu kuwa ba ta da kauri kamar ta bakin teku. Masana aikin inji sun ƙiyasta cewa injin da ba shi da tabo yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Ke nan motar da aka gwada a Apapa ta yi ta tsalle, in ta isa Jos ta riga ta rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta, tun ba a ɗora mata iyali da buhunan tsaraba ba. Wannan ne ya sa ƙaramin inji, wanda ya isa yawon ofis a Ikoyi, kan yi ta nishi a Hawan Kibo.

YADDA AKA YI A ZAMANIN FIJO

Matsalar zaɓe ba sabuwa ba ce. Waɗanda suka manyanta za su tuna da shekarun 1970, lokacin da sayen sabuwar mota ya fara zama abin da ma'aikaci zai iya. A ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama, motoci masu sitiyari a dama suka zama tsohon yayi. A watan Janairu 1973 aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo. Kuɗin man fetur suka shigo, sa'an nan a 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas. A wannan shekara ce kuma, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, kamfanin Volkswagen shi ma ya fara nasa a Ojo, kan hanyar Badagry a Ikko. A farkon lamarin, ta jirgin sama ake ɗauko sassan motocin Peugeot daga birnin Lyon na Faransa a sauke su a Kano, daga nan a kai su Kaduna a haɗa.

A wancan lokaci zaɓin ba shi da yawa. Ma'aikacin da ya sami bashin mota yakan tsaya ne tsakanin Volkswagen mai siffar kunkuru da Peugeot, wadda Hausawa suka raɗa wa Fijo. Ita mai siffar kunkurun injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, ba ta da lagireto balle a ce ta tafasa a kan hawa, amma ba ta da isasshen wurin kaya kuma ta yi wa mai iyali kaɗan. Fijo kuwa an fara da 404 mai giya a jikin sitiyari, sa'an nan 504, daga baya 505 ta biyo.

Ita 504 ce ta zama motar ƙasa. An fito da ita a Faransa a 1968, ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙasa da taɓo. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, wadda ta yi mulki daga 1976 zuwa 1979, ta mai da ita motar manyan jami'an gwamnati domin rage almubazzaranci. An daina ƙera ta a Turai a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har wajen 2006.

Ko a cikin 504 ɗin ma akwai zaɓi, kuma a nan ne mai hankali ke bambanta da mai gaggawa. Akwai salun ta ma'aikaci. Akwai wagon wadda ta fi tsawo, mai layin kujeru uku, wadda direbobin tasha suka riƙe shekara da shekaru suna jigila tsakanin Jos da Kaduna da Bauci da Kano. Akwai kuma a-kori-kura, wadda ta dace da mai ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu ko tumatir daga kasuwar Farin Gada. Akwai inji mai lita 1.8 da mai lita 2. A cikin salun ɗin ma akwai aji-aji, irin su GR da SR, wata da na'urar sanyaya ɗaki wata babu.

Abin da ya sa mutanen Filato suka riƙe wannan mota ya wuce kyan gani. Tana da tsayi daga ƙasa, cikinta ba ya dukan dutse. Ƙafafunta suna shanye gargada. Uwa uba kuma, babu garin da za ta lalace a rasa makanikin da ya san ta ko shagon da ke da kayanta, daga Mushin har Bukuru. Waɗanda suka kauce suka sayo wata baƙuwar mota don a ce sun fita daban, sun gane kurensu a 1982, sa'ad da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya zama sai da lasin, kayan gyara suka yi wuyar samu. Da aka karya darajar naira a watan Satumba 1986 kuwa, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano, waɗanda Yarbawa ke kira tokunbo.

HALIN DA AKE CIKI YANZU

Yau masu sayen sabuwa fil a leda ba su da yawa, galibi hukumomi ne da kamfanoni da 'yan kasuwa masu ƙarfi da ƙungiyoyin masu sufuri. Amma akwai su, kuma zaɓin da ke gabansu ya ninka na da. Bayan motocin Japan da Koriya da Sin da diloli ke shigowa da su, kamfanin Innoson yana haɗa motoci a Nnewi tun 2010, a 2022 kuma kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa nasa a wata sabuwar masana'anta a Kaduna. Mota iri ɗaya takan zo da aji uku ko huɗu, kowane da farashinsa, kuma dila zai shimfiɗa wa mutum jerin ƙarin kayan da zai iya sa wa ciki. Da yake kuɗin da ake magana a kai miliyoyin naira ne, kuskure ɗaya kan cinye gumin shekaru.

Abu na farko da mai oda zai tambaya shi ne ko don wace ƙasa aka ƙera motar. Kamfanoni sukan yi mota ɗaya iri-iri, ta Turai daban, ta Amurka daban, ta ƙasashe masu zafi da ƙura daban. Ta ƙasashe masu zafi an fi ba ta babban lagireto da matatar iska mai ƙarfi da ƙafafu masu jure gargada, an kuma saita injinta ga irin man da ake samu a nan. Wanda ya yi oda daga waje da kansa don ya rage kuɗi, ya tabbata sitiyarin a hagu yake, domin dokar hanya ba ta yarda da mai sitiyari a dama ba, kuma juya sitiyari a gareji kasada ce da rai.

Na biyu shi ne inji. Mai hawa Filato da iyali da kaya kada ya ɗauki mafi ƙanƙantan inji don gudun shan mai, gama injin da ake matsa wa totur kullum ba ya rage mai, kuma ba ya daɗewa. Injin mai tabo ba ya jin tsayin tudu sosai, domin tabon yana tura masa iska da ƙarfi, amma yana son baƙin mai mai kyau da juye a kan lokaci, in kuwa ya lalace gyaransa da tsada. Batun shan mai dai ya zama abin dubawa ƙwarai tun da aka cire tallafin fetur a ran 29 ga Mayu 2023. Masu sha'awar mota mai aiki da gas, sai su fara bincika inda za su sha gas ɗin a tsawon hanyar da za su riƙa bi, su kuma lura cewa tukunyar takan cinye wurin kaya a but.

GIYA DA BIRKI

Na uku shi ne giya. Wanda ya san cunkoson gadar Third Mainland ko na Oshodi ba zai ga laifin mai son otomatik ba, don taka kuloci na awa biyu ba wasa ba ne. Amma giyar hannu ta fi araha wajen saye da wajen gyara, kuma kowane makanike ya iya ta. In batir ya mutu da sanyin asuba na watan Disamba a Jos, yaran unguwa za su tura ta ta tashi, abin da ba ya yiwuwa da otomatik. Wanda ya zaɓi otomatik ɗin, ya tabbata tana da wurin da ake riƙe ta a ƙaramar giya, ya kuma koyi amfani da shi kafin ya kama hanya.

Dalilin haka shi ne gangara. Saukowa daga Jos ta fi hawa hatsari. Direban da ya saki mota a babbar giya ya dogara ga birki kaɗai, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ƙaramar giya ce ke riƙe mota a gangara, birki taimako yake yi. Saboda haka in za a rage wani abu daga cikin oda don kuɗi su isa, kada a taɓa abin da ya shafi birki. Na'urar ABS, wadda ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, da jakar iska mai kare ƙirji in an yi karo, sun fi kowace irin rediyo da kujerar fata amfani. Wasu diloli sukan kawo aji mafi araha da jakar iska ɗaya ko biyu kawai, sai mai saye ya tambaya a nuna masa a rubuce.

Na huɗu shi ne tsayin mota daga ƙasa da kuma taya. Manyan wiloli masu ƙyalli da siririyar taya suna da kyau a ɗakin nuni, amma rami ɗaya a hanyar Akwanga ya isa ya fasa tayar ya lanƙwasa wilin. Taya mai kauri a kan ƙaramin wili ta fi daɗin tafiya, ta fi araha, kuma an fi samunta a wurin masu faci. A duba safaya ma, domin motocin zamani da yawa sukan zo da 'yar siririyar safaya wadda aka yi don gajeriyar tafiya a hankali, wasu ma ba su da ita sam. Mai tafiyar kilomita 1,000 ya nemi cikakkiyar safaya da jak da sifana tun a cikin oda. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa, sai wanda ke da gona a ƙauye ko yake shiga daji da damina, in ba haka ba ƙarin kuɗi ne da ƙarin shan mai.

SANYI DA ZAFI

A da, ɗan Jos kan ce ba ruwansa da na'urar sanyaya mota, yana da ta Allah. Gaskiya ne, amma motar da za ta zauna Ikko wata goma a shekara ba ta yi sai da ita. Abin da mazauna Kurmi kan manta shi ne hita. Da hunturu, da kuma safiyar damina sa'ad da hazo ke rufe hanya a kan Filato, gilashin gaba kan yi gumi daga ciki har direba ya kasa ganin gabansa, iska mai ɗumi ce ke share shi. Fitilar hazo ma tana da amfani a can fiye da yadda take da shi a Apapa. Tagar rufi kuwa, wadda matasa ke so, ba ta da wani amfani a ƙasar da rana ke dukan ka, robarta takan bushe ta fara yoyo, ga shi kuma a Jos akan yi ruwa da ƙanƙara.

Wajen launi, fari da ruwan toka ba sa ɗaukar zafi kamar baƙi, ba sa nuna ƙurar hunturu sosai, kuma sun fi saurin samun mai saye in an tashi sayarwa. Fenti mai walƙiya yana da wuyar daidaitawa in an ƙuje mota, mai fentin bakin hanya ba safai yake dacewa da shi ba. Don gudun tsatsar Ikko, yana da kyau a nemi a shafe ƙarƙashin motar da maganin tsatsa tun tana sabuwa. Gilashi mai duhu kuma akwai doka a kansa tun 1991, wanda ya zaɓe shi ya san zai riƙa amsa tambayar 'yan sanda a kowane shinge daga Shagamu har Riyom, sai ya nemi bayanin izini kafin ya biya.

A TAMBAYI MAKANIKE TUKUNA

Akwai wata shawara da tsofaffin direbobi kan bayar, wadda ta fi duk abin da ke cikin takardar talla. Kafin mutum ya je wurin dila, ya fara zuwa wurin makanikin da zai riƙa duba masa motar a gida, ya gaya masa sunanta da ajinta, ya ji ko ya taɓa buɗe irinta. Sa'an nan ya shiga wurin masu sayar da kayan gyara a Jos ya tambayi kuɗin abubuwa huɗu ko biyar da suka fi lalacewa, watau takalmin birki da shokozoba da matatar mai da famfon ruwa da fitilar gaba. In aka ce sai an aika Ladipo a Ikko ko Nnewi, to ya san kowace ƙaramar matsala za ta ci masa mako guda. Motocin yanzu kwamfuta ke sarrafa su, ba a gano ciwonsu da kunne kamar na Fijo mai kafireto, sai an jona na'ura. Ya kamata a san ko akwai mai irin wannan na'ura a kusa.

Batun garanti ma haka ne. Yawancin kamfanoni ba sa karɓar garanti sai in a garejin da suka amince da shi aka riƙa yin juye. In garejin nan mafi kusa yana Abuja ko Kaduna, sai mai mota ya lissafa kuɗin mai da ɓata lokacin zuwa can a cikin farashin motar.

TAKARDAR ODA

Cinikin biri a sama ya jefa mutane da yawa cikin nadama. Duk abin da aka yi alkawari da baki, a sa shi a takarda kafin a ba da kafin alƙalami: sunan mota da aji da shekarar ƙira, girman inji, irin giya, launi, yawan jakar iska, safaya, tsawon garanti, da ranar da za a miƙa makulli. A rubuta kuma abin da zai faru in farashi ya tashi kafin motar ta iso. Waɗanda suka ba da kuɗi gab da faɗuwar naira a 1986, da waɗanda suka bayar kafin a sake ta a watan Yuni 2023, sun san muhimmancin wannan layi ɗaya. Kuɗi kuwa a asusun kamfani ake zubawa a karɓi rasit, kada a damƙa wa ɗan kamasho ko da ɗan unguwa ne.

Ranar karɓa, a je da rana tsaka, a tafi da wanda ya san mota. A gwada lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke jikin motar da wadda ke cikin takarda, a duba takardun kwastan in daga waje ta zo, a kunna kowace fitila da kowane maɓalli. Kada a manta da kuɗin lamba da inshora. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a watan Janairu 2023, amma ita wanda aka buge kawai take biya. Mai sabuwar mota gara ya yi cikakkiyar inshora, ya sa kuɗinta a lissafi tun farko, ko da zai sa ya haƙura da kujerar fata.

Daga ƙarshe, mai sabuwar mota kada ya ɗauke ta daga wurin dila ya kama hanyar Jos washegari. Ya yi 'yan makonni yana tuƙa ta a gari har hannunsa ya saba da birkinta da giyarta, ya kai ta juyen farko, sa'an nan ya shirya tafiya. Ya tashi da asuba, ya kwana a hanya in dare ya yi, ya hau Kibo da rana ido na ganin ido. 'Yan'uwa a Tudun Wada da suka yi shekaru suna jira ba za su ƙi ƙara kwana ɗaya ba. Allah ya kai kowa gida lafiya.